Dare guda, tsayuwa iri ɗaya? Muhawara kan tsara shirin rawar kontra

Talatu:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan harka. An ba ni daren Asabar guda a wata mai zuwa in yi kiran rawar kontra, wato in riƙa faɗa wa masu rawa motsin da za su yi, a wani ƙaramin zauren gari a yammacin Massachusetts, tun daga buɗewa har rufewa, awa uku. Na zaɓi rawa 11, shida kafin hutu, biyar bayansa, da wals, rawar mutum biyu-biyu, a ƙarshen kowane rabi. Da na baza katunan da na rubuta raye-rayen a kai a tebur sai na ga dukkansu tsayuwa ɗaya ce, dogon sahun nan na imfurofa. Abin da ake yi a ciki ya bambanta, amma yadda mutane za su jeru bai canza ba daga farko har ƙarshe. In bar shi haka ne, ko in sa wasu tsayuwar? In zan sa, nawa, kuma a ina?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki yi haƙuri in shiga gabanki kafin masana su iso. Ni a Kano nake, ina koyar da motsa jiki a firamare, wannan rawar a bidiyo kawai nake ganinta. Mece ce imfurofa, kuma wace tsayuwa ce akwai bayan ita?

Bitrus mai goge:
Malam Sabo sannu da zuwa. Kontra rawar jama'a ce ta arewa maso gabashin Amurka, yankin New England. Asalinta rawar ƙauye ce ta Ingila, irin wadda John Playford ya buga a littafi a 1651, sannan ta ɗauko wasu abubuwa daga Sukotlan da Faransa. Kowa ya nemi abokin rawa, mu ce masa haɗi, a jeru layi biyu daga gaban makaɗa zuwa ƙarshen zaure, kana kallon abokinka. Mai kira ya ce a kama hannu huɗu-huɗu daga sama. A cikin kowane huɗu, haɗin da ya fi kusa da makaɗa su ne masu lamba ɗaya, ɗayan masu lamba biyu. In imfurofa ce, masu lamba ɗaya su yi musayar wuri da juna kafin a fara, sai kowane layi ya zama a gauraye.

Kiɗan taku 64 ne, kashi huɗu, kowane kashi taku 16. Kafin ya ƙare, masu lamba ɗaya sun gangara wuri guda, masu lamba biyu sun hau wuri guda, kowa ya samu sababbin maƙwabta, sai a sake daga farko. Wanda ya kai bakin layi ya huta zagaye ɗaya, ya yi musaya da abokinsa, ya dawo da ɗaya lambar. Sauran tsayuwar za ka ji su a nan, don na san Baba Danjuma ba zai bar maganar ta wuce shi ba.

Maman Hanan:
Talatu 'yar'uwa, ni dai in kin ji tawa, kada ki wahalar da kanki. Ina zuwa rawar Juma'a ta Glen Echo a Maryland, kuma abin da ke kawo mutane shi ne a shiga sahu kiɗa ya ɗauke ka, ka juya da abokinka, ka juya da maƙwabcinka, ka wuce gaba. Bambancin da mai rawa ke ji a jikinsa yana cikin motsin ne da kiɗan, ba a inda ya tsaya kafin a fara ba. Ki mayar da biyu daga cikin 11 ɗin su zama beket, shi ke nan kin gama. Duk lokacin da kika ce a watse sahu a yi wata tsayuwa, minti biyar ya tafi a neman wuri da surutu.

Malam Sabo:
Beket kuma fa?

Maman Hanan:
Layi biyu ne dai Malam, amma abokinka yana gefenka, kuna fuskantar wani haɗin a ɗaya layin. Maimakon hawa da gangara, gefe ake zamewa, yawanci hagu. Sunan wani gari ne a Massachusetts, daga rawar Becket Reel ta Herbie Gaudreau. Daɗinta shi ne ana iya rufe kowane zagaye da juyi da abokinka, in kiɗa ya tsaya kana hannun wanda ka zaɓa.

Baba Danjuma:
Bitrus ya kira ni, ga ni. Maman Hanan, Allah ya yi miki albarka, amma ban yarda da ke ba, kuma zan faɗi dalili ko da zan yi tsawo.

Wannan da kike kira abin da ke kawo mutane, sabon abu ne a tarihin rawar. Tsofaffin da na tarar a New Hampshire sun yi rawa a hannun Ralph Page na Keene, wanda ya rasu a 1985. Mutumin da ya riƙe wannan rawa lokacin da ta kusa ɓacewa a sauran ƙasar, ya kuma yi shekara 35 yana fitar da mujallarsa Northern Junket, daga 1949 zuwa 1984. A zamaninsa dare guda yana ɗauke da sikwaya, rawar haɗi huɗu da ke fuskantar juna ta gefe huɗu, da kontra, da rawar mutum biyu-biyu irin su wals da folka, duk a cakuɗe. Ba wanda yake ganin baƙon abu ne a tashi daga dogon sahu a koma mutum takwas-takwas. Daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980 ne aka koma rubuta raye-rayen da kowa ke motsi ba tsayawa, har suka mamaye dare baki ɗaya. Ban ce ba su da kyau ba, ina yin su, ina jin daɗinsu. Amma su kaɗai awa uku, jiki yana gajiya ta wuri ɗaya. Kafaɗar dama ce ke ɗaukar juyi sau biyu a kowane rabin minti. Ki duba masu shekaruna a rabi na biyu, ki ga nawa ne ke zaune a bango.

Akwai tsohuwar tsayuwa, furofa, inda na hagu, wato maza a tsohon tsari, duk suna layi ɗaya, na dama, wato mata, suna ɗayan, ba musaya. A rawar Chorus Jig masu lamba ɗaya su gangara ta bayan layi su dawo, su gangara ta tsakiya su dawo, su zagaya masu lamba biyu, su juya kusurwa-kusurwa, sannan su yi juyi. Masu lamba biyu rabin lokacin a tsaye suke. Matasa suna cewa ɓata lokaci ne. Ni kuwa a nan ne nake numfasawa, in saurari goge da kunnena biyu, in ga yadda wata tsohuwa ke taka ƙafa ba gaggawa in koya. A Nelson ta New Hampshire, inda ake rawa daren Litinin a zauren gari, har yanzu waɗannan tsofaffin raye-rayen suna da rai.

Saboda haka Talatu 'yata, ki sa aƙalla tsohuwa ɗaya, ki sa rawar gauraya ta da'ira wadda ake sauya aboki a kowane zagaye, ki sa sikwaya.

Maman Hanan:
Baba ranka ya daɗe, ban musa tarihin ba. Amma ka faɗi rabi ka bar rabi. In sahu ya yi tsawo, wanda ya fara a can ƙasa da lamba biyu zai iya gama rawar bai taɓa zama lamba ɗaya ba. Ya biya kuɗin shiga, ya nemi aboki, ya yi minti tara yana kallon wasu na juyi. Wannan ba hutu ba ne Baba, rashin rabo ne.

Baba Danjuma:
Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a yin furofa da dogon sahu. A karya shi gajeru, haɗi shida ko bakwai a kowane sahu, a bar kiɗa ya ɗan yi nisa. Mai kiran da ya sa Chorus Jig da haɗi 15 a layi shi ya zalunci rawar.

Bitrus mai goge:
Bari in sa lissafi a kan maganar Baba, don daga kujerar makaɗa muna ƙirgawa. A saurin taku 120 a minti, zagaye ɗaya daƙiƙa 32 ne. In muka buga sau 16, minti takwas da rabi ke nan. Wanda ke can ƙasa yana hawa wuri guda ne a kowane zagaye, ya huta ɗaya a sama, sannan ya zama lamba ɗaya. A sahu mai haɗi shida zai kai sama tun rawar ba ta yi rabi ba, ya samu rabonsa. A mai haɗi 15 kuwa yana isa muna rufewa. To ba tsayuwar ce matsala ba, tsawon sahun ne.

Amma Talatu ga abin da masu kira ke mantawa. Tsofaffin nan kowace da kiɗanta. Chorus Jig tana da nata, Hull's Victory tana da nata, Petronella haka. Money Musk kuma taku 48 ce ba 64 ba, kuma hannu shida-shida ake kamawa, haɗi uku a kowane rukuni, masu lamba biyu da uku suna musayar lamba a kowane zagaye. In kika zo kika ce mana Money Musk ana saura minti ɗaya, wataƙila mai piyano bai taɓa buga ta ba. Duk abin da kika zaɓa daga cikinsu, ki aika wa makaɗa tun da wuri.

Talatu:
Na gode Yaya Bitrus. Money Musk kam ba zan taɓa ta a wannan daren ba, rukunin uku-uku yana rikita har waɗanda suka daɗe. Bari in ƙara bayani kan wurin, don na ga ya kamata. Zauren siriri ne mai tsawo, sahu biyu yake ɗauka da daɗi, uku da matsi. Masu shirya daren sun ce mutum 30 zuwa 40 suke samu, kuma saboda akwai kwaleji a kusa, kusan kashi ɗaya cikin uku sababbi ne. Ana koyar da su rabin awa kafin a fara, amma da yawa sai an fara suke shigowa.

Auwalu ɗalibi:
Anti Talatu, tunda kin ambaci sababbi bari in yi magana, don ban daɗe da fita daga cikinsu ba. Ranar da na fara zuwa, mu huɗu ne daga makaranta. Muka maƙale wa juna, muka tsaya wuri ɗaya a ƙarshen sahu, huɗun da ba wanda ya san hagu daga dama a cikinmu. Mai kira yana faɗa, mu muna kallon juna. Duk maƙwabtan da suka iso wurinmu sai rawarsu ta tsaya. Ana rawa ta uku sai ya ce kowa ya fito a yi babbar da'ira guda, La Bastringue. A shiga tsakiya a fito, a zagaya hagu a zagaya dama, sannan ka juya da na kusa da kai ku yi tattaki tare, zagaye na gaba kuma wani ne daban. Cikin minti kaɗan na bi ta hannun mutum fiye da goma da suka iya. Wata dattijuwa ta gyara min yadda nake riƙe hannu ba ta ce uffan ba, ta ɗan ja baya kawai na ji nauyinta, na gane haka ake yi. Da aka gama, wanda kiɗa ya tsaya ina hannunsa shi ya ce mu shiga sahu tare. Daga nan huɗunmu muka watsu cikin mutane.

Don haka ni dai kada ki cire ta da'ira. Ba don ƙawa ba, ita ce ta hana mu tafiya gida a lokacin hutu.

Maman Hanan:
Auwalu ka ba ni hujja mai kyau, na karɓi wannan. Rawar gauraya ɗaya, gajeriya, da wuri. Amma ki sani Talatu, akwai waɗanda sun riga sun nemi aboki don rawa ta gaba, in kika ce gauraya ce fuska za ta canza. Ki sanar tun ana rawar da ke gabanta.

Baba Danjuma:
Haka ne. Kuma ki gaya musu su riƙe alƙawarin abokin zuwa rawar da ke biye.

Hajiya Rabi:
Ina bin zancen tun ɗazu. Ni kun san ba na zuwa ta gauraye da maza, ba na kuma zargin mai zuwa, kowa da inda ya tsaya. Amma muna yin namu mata zalla da yara a ɗakin taron unguwa, lokacin sallah ko in an yi suna, har da matan Somaliya da na Sudan da ke kusa da mu. Rawar ba ta damu da namiji ko mace ba, na hagu da na dama ne kawai, zaure da yawa ma yanzu sunan tsuntsaye suke kiran ɓangarorin. Abin da na gani shi ne imfurofa ita ce mafi wuya ga wanda bai taɓa yi ba. Ba motsin ba, ci gaban. Mace ta gama da maƙwabtanta, sai ta ƙi rabuwa da su, ko ta kai bakin layi ta juyo nan take ba ta jira ba, duk sahu ya hargitse.

Mu da dogon sahu na kowa da kowa muke farawa, irin Virginia Reel ko Galopede. Ba lamba ɗaya ba lamba biyu. Layi biyu su matso su ja baya, su tsallaka, haɗin da ke sama ya sheƙa ta tsakiya zuwa ƙasa ana tafa musu, kowa ya matsa sama. Yarinya 'yar shekara biyar tana ganewa. Bayan nan sai da'irar Sisili: haɗi yana fuskantar haɗi a kewayen ɗaki, wasu na bin hannun agogo wasu akasinsa. Duk abin da ake yi a kontra ana yinsa a nan, amma ba bakin layi, ba jira, ba musaya. In sun saba da barin maƙwabta su tarbi na gaba, sai a miƙe da'irar ta zama sahu.

Malam Sabo:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan ta kowa da kowa ita ce za ta yi wa ɗalibaina, 'yan mata daban samari daban. Sai dai kiɗan. Dole sai goge da piyano?

Bitrus mai goge:
Ba dole ba Malam. Abin da ake bukata bugu ne mai daidaito wanda yara za su ji inda taku takwas ya ƙare wani ya fara. Ko ganga ɗaya ta isa in mai bugawa yana nuna ƙarshen kowane takwas. Amma mu buɗe wa wannan nasa zaren, kada mu janye Talatu daga daren nata.

Talatu:
Hajiya, da'irar Sisili ta burge ni, amma ina tsoron faɗin zauren. Haɗi biyu gefe da gefe a wannan bango, wasu a wancan, tsakiya ba wurin juyi. Haka ma huɗu da huɗu, irin Portland Fancy, da nake so ƙwarai.

Baba Danjuma:
Huɗu da huɗu za ta shiga, don sahu biyu ne aka haɗe ya zama ɗaya. Amma da mutum 32 layi takwas kawai kike da shi, rabin lokaci wasu na jira a baki. Ki ajiye ta sai babban zaure. Da'irar Sisili kuwa kin yi daidai, siririn wuri ba nata ba ne. Kin ga yanzu zauren da kansa ya fara zaɓa miki. Haka ake tsara shiri: ki dubi faɗin wuri, yawan mutane, da wanda ya zo, sannan ki buɗe akwatin katunanki.

Kuma ga abin da na fi so ki riƙe a duk surutuna. In za ki canza tsayuwa, kada ki kawo sabon motsi a cikinta. In za ki koyar da sabon motsi, ki yi shi a tsayuwar da suka saba. Mai ɗaukar tulu biyu a ka ɗaya, duka yake fasawa. Beket ɗinki ta farko ta zama da abubuwan da suka riga suka yi a raye-raye ukun da suka wuce, ta yadda tsayuwar ce kaɗai sabuwa.

Auwalu ɗalibi:
Wallahi Baba haka ne. Beket a baki take kama mutum. Kana fita ba ka san ko ka tsallaka ko ka tsaya ba, kuma ta wane gefe maƙwabta za su ɓullo. In mai kira ya ce tun farko, in kun fita ku tsaya gefe da gefe ku fuskanci layi, ku shiga ta inda ake zamewa, an huta.

Maman Hanan:
To duk na bi ku har nan. Gauraya ɗaya, beket biyu, tsohuwa ɗaya a gajerun sahu. Amma sikwaya ina nan a kan bakana. Mutum takwas cif take bukata. In mutum 30 ne a zaure, haɗi 15 ke nan, sikwaya uku sun ɗauki 12, haɗi uku sun koma kujera ba don sun gaji ba. Sannan kana kulle da mutum bakwai ɗin nan har a gama. A sahu in ka haɗu da waɗanda suka rikice, daƙiƙa 30 ne ka wuce. A sikwaya in haɗi ɗaya ya ɓata, takwas ɗin sun tsaya. Na sha ganin ana cewa sikwaya mutane suna nufar wajen ruwan sha.

Baba Danjuma:
Suna nufar ruwan sha ne saboda an saba ba su sikwaya mara daɗi, an koyar da ita minti goma an yi ta minti huɗu. Sikwayar New England a kan taku 64 ɗin nan take tafiya, kiɗan ɗaya ne, motsin ma su ne dai. Kuma wannan kullewa da kike ƙi ita nake so. A sahu fuska ce ke wucewa, ba ka riƙe kowa. A sikwaya ku takwas kun rikice tare kun yi dariya kun gyara tare, kun fita kun san juna.

Game da saura kuwa akwai magani. Ted Sannella, wanda ya rasu a 1995, ya rubuta raye-raye na haɗi uku-uku, gajeren sahu na mutum shida, yana ba su lamba ɗaya bayan ɗaya. Kowane zagaye ana sauya wuri, bayan uku kowa ya dawo inda ya fara. Haɗi 15 ɗin naki sahu biyar ne cif, ba wanda ya zauna. Talatu ki riƙe kati biyu a hannu, sikwaya da 'yar uku-uku. Ki ƙirga mutane, wadda lissafi ya ba ta ita za ki kira.

Bitrus mai goge:
'Yar uku-uku tana da wani amfanin. Wajen ƙarfe goma mutane suna raguwa, sai ka ga haɗi tara ko goma sun rage. Dogon sahu da wannan adadi ba ya armashi, kowa na kai baki kafin ya ji ɗumi. Nan ne wurinta.

Talatu:
Baba zan faɗi damuwata kai tsaye. A kontra ina kira zagaye huɗu ko biyar in yi shiru, kiɗa ya riƙe su. Sikwaya kuwa bakin mai kira ba ya hutawa har ƙarshe, ga buɗewa ga tsakiya ga rufewa, kuma ban taɓa kiranta a gaban jama'a ba. Maganarka ta tulu ta shafe ni ni ma. Dare na farko ne a hannuna, ba na so in ɗora wani sabon a kai.

Baba Danjuma:
To na ji, kuma ba zan matsa ba. Amma ki nemi wani daren a ba ki rawa ɗaya ki gwada ta, kada ki bar ta har ki tsufa a kira ba ki iya ba. Masu kira da yawa yanzu ba su da ita a hannu ko ɗaya, shi ya sa take ɓacewa daga zaure. A da, a Durham, a Jami'ar New Hampshire, an saba yin taron tunawa da Ralph Page a watan Janairu, can ne ake jin waɗanda suka iya ta da gaske.

Maman Hanan:
In Baba ne zai tsaya a sikwayata zan shiga. Amma ra'ayina bai canza ba.

Talatu:
Ga yadda na sake jerawa, ku duba min.

Rabi na farko: imfurofa mai sauƙi ƙwarai, sai wata imfurofa da ke ƙara motsi ɗaya, sai La Bastringue ta uku. Ta huɗu imfurofa, a nan zan koyar da saƙar nan ta mutum huɗu da ake ratsa juna ba riƙe hannu. Ta biyar beket, ba sabon motsi a ciki. Ta shida imfurofa mai zafi wadda ba ta bukatar dogon bayani, sai wals.

Bayan hutu: imfurofa mai sauƙi don waɗanda suka makara dawowa, sai Chorus Jig a gajerun sahu in makaɗa sun iya kiɗanta. Ta tara ita ce mafi wuya a daren, imfurofa. Ta goma 'yar uku-uku in mutane sun ragu, in ba su ragu ba beket. Ta ƙarshe mai sauƙi wadda ke rufewa da juyi da aboki, sai wals.

Hajiya Rabi:
Ya yi. Sai dai ki ajiye Galopede a aljihu. In kin ɗaga kai ƙarfe takwas kin ga sababbi sun fi rabi, ki fara da ita kafin imfurofar farko.

Bitrus mai goge:
Abu ɗaya na gani. Juyin kusurwa-kusurwa na Chorus Jig sabon motsi ne a sabuwar tsayuwa, kin karya dokar Baba. Ko dai ki fito da mutum shida da suka iya su nuna a tsakiyar zaure kowa na kallo, ko ki sauya ta.

Baba Danjuma:
Bitrus ya kama ni da maganata. Ki nuna, kada ki yi dogon bayani. Ki gaya wa masu lamba biyu su ɗaga hannun hagu su jira, su ne za su tarbi masu lamba ɗaya su mayar da su tsakiya. Kuma bayan hutu ne, sababbin da suka rage sun riga sun yi rawa bakwai. Ni dai ina ganin za ta wuce lafiya.

Maman Hanan:
Ni kuma ina ganin Chorus Jig da mafi wuya a jere sun yi nauyi. Ki raba su, ki sa beket mai sauƙi a tsakani, ki mayar da mai wuyar ta goma.

Talatu:
In na yi haka 'yar uku-uku ta rasa wuri, sai dai ta maye gurbin mai wuyar in mutane sun ragu. Hakan ma daidai ne, don in haɗi tara suka rage ba zan kira mai wuya ba dama. Zan gyara yau da dare. Yaya Bitrus, kwana nawa kafin ranar ya kamata makaɗa su samu jerin?

Bitrus mai goge:
Mako guda ya isa. Ki rubuta musu Chorus Jig daban da sunanta, ki ce La Bastringue ma kiɗanta kike so, sauran kuma ki nuna wadda kike so da santsi da wadda kike so da tsalle, su za su zaɓi kiɗan.